Gizo da Makunnin Kwamin Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

A ƙasar Sudan, tsakanin Sinnar da Wad Madani, akwai wani ƙauyen dabbobi masu jin Hausa. Kakanninsu sun biyo ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu suka zauna a garin Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma, da aka gama madatsar Sinnar a 1925, suka gangara yankin Jazira noman auduga da dawa. Zaki ne sarkin ƙauyen.

Ruwan ƙauyen daga ƙaramar magudanar nan da ake kira Abu Ishirin yake zuwa. Ita kuwa bi da bi ake sakar mata ruwa, yau ta cika, wani jiƙon ta bushe. Zaki yana da kwami a ƙofar fada, injin lantarki ke jawo masa ruwa. Nan kowa yake sha. Nan ma Kyanwa, 'yar lelen fada, take sha, amma ita ba ta kai baki ga ruwan da ya kwana, sai mai motsi.

Kunkuru ne mai kula da injin. In kwami ya ƙafe, kafin ya isa wurin makunni an yi azahar. In ya cika, kafin ya kashe ƙofar fada ta zama fadama. Kyanwa ta kai ƙara. Zaki ya tara jama'a ya ce yana son makunnin da zai kunna kansa ya kashe kansa.

Dila, malamin daji, ya miƙe. Ya yi shekaru yana aikin wuta a Wad Madani. Ya faɗi kuɗin aiki, fada ta yi tsit. Sai Gizo ya yi wuf ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Yanka ya daɗe, ni a yabin wannan kuɗin zan yi. In yagowa ta yagu ma, ai na san hanyay fada."

Zaki ya yi gyaran murya. Ya ce a ba Gizo.

Da ya koma gida Ƙoƙi ta dube shi ta ce, "Maigida, kai da ko fitila ba ka iya gyarawa?"

Ya ce ta yi masa shiru, ilimi ai a bakin masu shi yake, kuma baki bai da ƙofa. Da magariba ya tafi gidan Dila ya ce jarrabawa ya zo yi masa, ya ji ko da gaske ya iya. Dila ya gane, ya yi murmushi, ya lissafa masa.

Ya ce, "Da farko ƙwallon roba mai yawo a kan ruwa. In ruwa ya sauka ya sunkuya, ya kunna. In ruwa ya hau ya ɗaga, ya kashe. Amma kada wutar gida, mai ƙarfin bolt 230, ta bi ta cikinsa. Ka sa ƙaramar taransifoma ta ba shi bolt 12. Shi saƙo kawai zai aika wa makunni na biyu da ke cikin akwati a jikin bango, can sama inda ruwa ba ya kaiwa, shi ne zai ɗauki nauyin injin. Sannan bireka mai jin yoyon wuta, wadda in miliamfiya 30 ta ɓace ta bi ta ruwa ko ta jikin wani, za ta yanke kafin ƙiftawar ido. Sannan ƙarfe a kafa a ƙasa a ɗaura masa wayar jikin injin. Sannan ƙwallo na biyu a cikin Abu Ishirin, don ranar da ta bushe injin ya tsaya, kada ya yi ta juyawa ba ruwa ya ƙone. Waya kuma a bar mata lanƙwasa ƙasa da soket, ɗigo ya sauka a can."

Gizo ya ce, "Ka ci jayyabawa." Ya fita yana ƙirga riba da yatsu takwas.

Kashegari ya nufi kasuwar Sinnar. Tun daga bakin kasuwa ƙamshin agashe ya tare shi. Ya ce bari ya ɗanɗana. Kuɗin bireka ya tafi. Ya ce nama ba ya tafiya shi kaɗai, a kawo kisra da shayi. Taransifoma ta bi bireka. Ya sa aka ƙunshe masa wani agashen mai yawa, na fada. Ƙarfen ƙasa da ƙwallo na biyu suka shiga cikin ƙunshin. Da la'asar ya dawo da ƙwallo ɗaya, da tsohuwar waya, da salatif.

Ya ratsa wutar gida kai tsaye ta cikin ƙwallon. Waya ta gaza, ya yi mata ƙari, ya naɗe da salatif, ya cusa mahaɗin a gindin kwami ya rufe da ƙasa. Aka kunna. Ruwa ya hau, injin ya tsaya. Raƙumi ya sha, ruwa ya sauka, injin ya tashi. Jama'a suka ɗauki sowa. Kyanwa ta lashi ruwa ta kaɗa wutsiya. Nan take Zaki ya naɗa Gizo Sarkin Ruwa. Dila ya zagaya kwamin sau ɗaya, ya koma gida, ya hana 'ya'yansa zuwa wurin.

To, Kura tana da gonar gyaɗa a bayan fada. Ta zauna tana kallon ƙwallon nan kwana da kwanaki. Ta lura in ya sunkuya ruwa na zuwa. Ta ce, ashe abin sunkuyawa ne. Da dare ya raba ta ɗaura masa dutse, ta haƙa 'yar hanya daga kwami zuwa gonarta. Injin ya kwana yana aiki.

Gizo ya kama ta a dare na biyu. Ya buɗe baki zai yi ihu, ta ce, "Sarkin Ruwa, buhu ɗaya cikin uku." Ya ce biyu cikin biyar. Suka tafa.

Ruwa ya yi ta ambaliya har ya jiƙa gindin kwami. Salatif ya saki. Ana nan sai aka rufe wa Abu Ishirin ruwa, lokacinta ya ƙare. Ƙwallo yana sunkuye da dutsensa, yana ta cewa a kawo. Injin yana ta juyawa, ba abin da yake zuƙa sai iska. Ya yi zafi, ya soma ƙauri.

Kura ta ji shiru a gonarta. Ta fito cikin duhu ta ga me ya faru. Ta taka taɓon gindin kwami da ƙafafun baya. Wuta ta kama ta. Ta kwarma ihun da har yau in ta tuna sai ta maimaita shi da dare.

Gizo na ganin haka ya yi tsalle ɗaya, sai ga shi a rufin zauren fada. Ɗan Akuya ya sheƙo zai jawo ta da hannu. Ƙoƙi ta daka masa tsawa.

"Kul! Ka taɓa ta, ku zama biyu!"

Ta ruga ta kashe babban makunnin fada. Sannan aka jawo Kura, aka kai ta wurin masu magani. Ta rayu, amma ƙugunta ya sauka, bai ƙara tashi ba.

Da safe aka yi zaman shari'a. Gizo ya leƙo daga rufi ya ce aikin aljanun ruwa ne, sun biyo kogi daga Habasha. Kura ta ce ita alwala ta zo yi. Dila ya tona gindin kwami ya ɗago mahaɗin waya. Ya ɗago ƙwallo da dutsensa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan aljanun sun iya ƙulli. Saura a tambayi inda kuɗin bireka ya shiga."

Zaki ya tuna wani ƙunshi da ya kwana a fada. Ya lashi gashin baki. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, zumunci ya fi kuɗi, a yi maganar gyara.

Aka sake karo-karo. Kunkuru ma, da aka sallama daga aiki, sai da ya ba da nasa. Aka sayi sabon inji, aka biya Dila kuɗinsa na farko cif, har da ƙari. Tsohuwar Akuya ta ce araha ba ta ado.

Dila ya kashe wuta kafin ya taɓa komai. Ya kafa akwati a bango, ya kafa ƙarfe a ƙasa, ya sa ƙwallo a kwami, ya sa wani a Abu Ishirin, ya yi musu keji don kada wani ya sake yi musu kyautar dutse. Ya nuna wa Ƙoƙi maɓallin gwaji a jikin bireka, ya ce ta riƙa danna shi kowane wata, in ba ta yanke ba a kira shi. Ya ce da damina, in kogi ya kawo lakar Habasha, a kashe wuta a wanke ƙwallayen, don laka na riƙe su kamar yadda dutsen Kura ya yi.

Tun daga ranar, kwami na cika inji ke tsayawa. Dabbobi suka riƙa zuwa kallo, don ba su taɓa ganin abin da ya ƙoshi ya ce ya isa ba.

Gizo bai sauko ba sai da ƙura ta lafa. Da ya sauko, sai ga shi a kasuwa yana sayar da layar da ke hana wuta kama mutum. Kura ce ta fara saye, bashi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Wanda duk zai haɗa wuta da ruwa a gidansa, ya kira Dila, ya biya shi kuɗinsa, kuma ya ga bireka da idonsa kafin ya bar dabbarsa ta kai baki.