Wake Ya Gaji da Ɗaukar Laifin Madara

Na san tun kafin in rufe baki wani zai zaburo: "Haba malam, madara fa? Abin da aka raine mu da shi?" Zauna tukuna, Alhaji. An raine ka da shi kam, amma yaushe rabonka da bayan goyo?

Kai ne kullum da safe a teburin mai shayi, a haɗa maka mai kauri, a ƙaro cokali biyu na madarar gari. Kafin hantsi ciki ya ɗaure tamau, yana ƙugi har na kusa da kai a A Daidaita Sahu ya soma waige-waige. Sai ka ɗora wa waken da ka ci shekaranjiya. In ba wake ba olsa, in ba olsa ba basir. Hajiya kuwa ta riga ta yanke hukunci, aikin kishiya ne.

To ji abin da ke faruwa. A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma ƙaramin hanji yana narkar da shi ne da wani sinadari, laktes. Jariri yana da shi a wadace. Bayan yaye sai ya yi ta raguwa, har ta kai kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba su da isasshe. Sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su yi walima da shi, su bar maka iska. Ya kuma janyo ruwa cikin hanjin. Tsakanin minti 30 zuwa awa 2, sai a gan ka kana cigiyar buta.

"To Fulani fa?" Yauwa, da ma ita nake jira. A 1971 Norman Kretchmer da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a Najeriya: yawancin Fulani makiyaya suna narkar da madara har girma, Yarbawa kuwa kusan dukkan manyansu ba sa iyawa. Gado ne, na zuri'ar da ta daɗe tana tatsa.  Matsalar kawai, a birni kowa ka taɓa sai ya ce kakarsa Bafulatana ce. Madalla, amma ka tambayi hanjinka ko ya samu labari.

Wani kuma zai ce ai yana shan fura da nono kofi guda ras, ba ya jin komai. Ai ka taimake ni. Nono da kindirmo sun kwana, ƙwayoyin da suka tsamar da su sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taya ka narkar da ragowar. Man shanu ma kusan babu laktos a cikinsa.

Ban ce ka saki madara saki uku ba. Kofi ɗaya yana da kamar giram 12 na laktos, kuma da yawa suna iya ɗaukar hakan, musamman a kan abinci. Ka dai ba ta hutun mako biyu, ka ci wakenka da manja son ranka, sannan ka koma wa mai shayi ka ga wanda zai tayar da ƙugin. In kuwa akwai jini a bayan gida, ko rama, ko ciwon da ke hana barci, wannan ya wuce ni da kai, sai likita.