Masu Kujera Bakwai

Mota mai kujera bakwai ba ta da mai ita. Akwai dai wanda ya biya kuɗinta, sunansa ne a takardu, shi ake nema in mai ya ƙare ko taya ta yi faci. Amma iko da ita yana hannun dangi da surukai da maƙwabta da 'yan sahun gaba na masallacin unguwa. Ina nufin irin su Sienna da Sharan, wadda 'yan tasha ke kira Sharon, da ƙannenta Galaxy da Alhambra. Waɗannan ukun uwa ɗaya uba ɗaya ne, a masana'anta ɗaya aka riƙa ƙera su a ƙasar Fotugal tun wajen 1995, tambari ne ya raba su. Sienna kuwa haihuwar Amurka ce, Toyota ta fito da ita a 1997. Duk an yi su ne don Bature mai mata ɗaya da 'ya'ya uku da kare. Sai sun shekara goma sha biyar ko ashirin suna wannan hutun, sannan a ɗoro su a jirgin ruwa su zo nan su san mene ne aiki.

Wanda ya fi yawa cikin masu ita shi ne Malam Ba-Komai. Ya haɗa adashi da bashin ofis ya saya, don ya daina raba iyalinsa a adaidaita biyu in za a je gaida Hajiya. Ranar da ya kawo ta gida aka fito ana shafawa, ana “Allah ya tsare, Allah ya sa rai aka yi wa.” Cikin masu addu'ar akwai gwaggonsa, wadda ko fenti ba ta kalla ba, kujeru ta ƙirga. Kafin mako ya zagayo motar ta shiga lissafin kai lefe. Daga nan sai ɗaukar amarya, sai kai gara, sai suna a Wudil, sai ta'aziyya a Funtuwa, sai rakiyar maniyyata sansanin alhazai. Ba a ma roƙonsa, sanar da shi ake yi: “Ɗan nan, Asabar da sassafe za mu tashi. Mu goma sha ɗaya ne, amma huɗu yara ne.” Yara a wannan lissafin ba su da kujera, cinya ce rabonsu. In an dawo, gwaggo ta kwance bakin zane ta miƙo masa goro biyu da “Allah ya yi albarka.” Ya ce amin, ya ce ba komai. Matarsa, wadda dominta aka sayi motar, tana can bakin titi tana tsaida adaidaita.

Alhaji Daga-Amurka shi ba ya son raini. Kada ka kuskura ka ce motarsa irin ta haya ce, don a wurinsa tsakanin Sienna da Sharon akwai teku. Zai ja ka ya nuna maka agogon tafiya: mota ƙirar 2005, amma dubu casa'in kacal ta yi. Dillali ya rantse masa cewa wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita ranar Lahadi. Bai taɓa tambayar yadda tsohuwar ta cinye robar birki har ƙarfe ya fito ba, ko yadda ta lotsa kujerar direba. Bai kuma lura cewa da mil motar Amurka ke ƙirge ba, shi ya sa yake kafa allura a kan tamanin yana mamakin yadda kowa ke rarrafe a hanya, alhali ya kusa kilomita 130. Ranar da taya ta fashe masa bayan Jaji, ya sauke kaya kaf yana neman safaya a but, yana tsine wa dillali. Yaron mai faci ne ya durƙusa ya nuna masa ita maƙale a ƙarƙashin mota, inda take tun daga Amurka, babu ko iska a cikinta.

Sai mai fitila. Akwai wata 'yar fitila ruwan lemo mai hoton inji da ke kunnuwa gaban direba in wani abu ya lalace. Tasa tun ranar saye take kunne. “Ai haka suke zuwa,” in ji shi, kuma da ta dame shi da daddare sai ya manna mata baƙin salatif. Bakanikensa ya riga ya cire abin daidaita zafin inji, wai na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye. Ya kuma fasa salansa ya zare abin tace hayaƙin nan da suke kira indomi, ya ce, “Oga, shi ke hana ta numfashi.” Abin da bai faɗa ba shi ne indomin nan akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, kuma akwai masu sayensa. Ƙofar ja ta gefe da lantarki take buɗewa a da, yanzu wayarta ta tsinke, sai an ɗaga an danna da gwiwa an ja, kuma babban ɗansa kaɗai ya iya. In yaron yana makaranta, ta ƙofar gaba kowa ke shiga yana tsallake kujeru.

Amma wanda nake tausaya wa da gaske shi ne mai mata biyu. Ya saye ta ne don a zauna lafiya, a tafi tare a dawo tare, ya manta gaban mota mutum ɗaya yake ci. Dokar farko da ya kafa ita ce mai girki ce a gaba. Ta yi aiki har ranar da aka je biki Zariya a girkin uwargida, magariba ta riske su a hanyar dawowa. Daidai Kwanar Dangora amarya ta yi gyaran murya ta ce, “Yaya, ina jin dai girki ya dawo hannuna.” Dole aka faka a gefen titi aka yi sauyin gwamnati. Sai ya ce to daga yau babban ɗa ne a gaba. Babban ɗa kuwa ɗan wani ɗaki ne. Ya koma ɗauko mahaifiyarsa duk inda za shi, tsohuwa ta gaji da yawon da ba ta nema ba ta ce a ƙyale ta. Yanzu kular abinci ce ke zama a gaba, ɗaure da bel. Abin da ya cece shi kawai shi ne tsakiyar Sienna mai kujeru biyu a rabe, kowace da ƙofarta da tagarta, ga rata a tsakani. Wanda ya zana wannan, ko bai sani ba, ya yi wa ƙasar Hausa aiki. Rigimar da ta rage ta makunnin sanyin baya ce, don duk lokacin da ɗaya ta ji zafi, ɗayar mura take yi.

Akwai mai leda, wanda shekara uku bai ɓare ledar kujeru ba, ya haramta rake da gyaɗa da mangwaro, yara na zaune kamar masu jiran alƙali. Kishiyarsa shi ne wanda ya kwance kujerun baya tun makon farko ya jingine su a zaure, motar ta koma ta buhunan masara da siminti da ragon layya. In ya rage maka hanya, kowa a ofis zai san da akuya kuka zo.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wani sabon iri ya ɓullo. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, tankin Sienna kuwa ya fi lita 70, ga inji mai silinda shida da bai san ana wani hali ba. A lokacin, cika shi sau ɗaya ya kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Nan aka samu Malam A-Kan-Hanyata-Ce. Ma'aikaci ne a Abuja, iyali na Kano. Ranar Juma'a da yamma, da hularsa da agogonsa, yana zuwa Zuba sai ya rage gudu ya sauke gilashi, ya ce a hankali, “Kaduna, Zariya, Kano.” Shi fa ba haya yake yi ba, taimako ne, a dai kawo na mai. Na man kuma daidai yake da kuɗin tasha, ko sisi babu ragi. In 'yan ƙungiyar direbobi suka tare shi, nan take fasinjoji su zama dangi: wannan ƙanina ne, waccan 'yar yayata ce. A ce ya faɗi sunan ƙanin, sai ya hau tari.

Kusan dukkansu wuri ɗaya suke ƙarewa, wato ɗora jarka a saman mota alamar ta sayarwa ce. Wani jarkarsa ta shekara biyu har rana ta cinye ta ya sake wata. In ka taya, ya ce albarka. In ka ƙara, ya ce bari ya yi shawara da gida, gida kuwa akwai biki wata mai zuwa. Kwana biyu sai ka gan shi a Ƙofar Ruwa yana cinikin shokozoba.

Kai kuma mai karatu, in niyyar saye ta kama ka, ka je da bakaniken da ka yarda da amanarsa, a leƙa ƙarƙashi a duba salansa, ka ga takardun kwastam da idonka. In ciniki ya faɗa, ka bari sai bayan Isha'i ka kawo ta gida, ka rufe ta da tamfol.