Rufe Bakin Bargo da Keken Wibin

Keken wibin shi ne wanda teloli ke kashe bakin yadi da shi don kada ya zare. Ya bambanta da keken ɗinki na yau da kullum ta fuska biyu: yana aiki da zare uku zuwa biyar a lokaci guda, kuma yana da wuƙa a gaban allura. Wuƙar ke datse bakin yadi, sannan zaren ya nannaɗe inda aka datse. Gudunsa ya haura ɗinki 1,000 a minti ɗaya.

Jos na bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200, don haka hunturun Disamba da Janairu kan sa kowa neman bargo ido rufe. Wanda bai sayi na gwanjo a kasuwar Katako ba yakan tara ƙyallayen atamfa ya harhaɗa, ya sa soso a tsakiya, ya shimfiɗa yadi a ƙasa. Hawa uku ke nan, kuma tare bakinsu zai bi ta ƙarƙashin wuƙa. Ƙa'ida ita ce a daidaita su, a zare duk fil ɗin da ke hanya, a taka a hankali, in an kai kusurwa a fita a sake shiga. Nauyin bargon kuwa kan tebur ake ɗora shi, ba kan cinya ba.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ce ta samu matsala shekaranjiya a wani shago da ke wajen Terminus. Mai bargon, wanda kuma shi ne mai wannan rubutu, ya zauna cikin babbar riga saboda sanyi, bargo a cinya. Yana tsakiyar gefe na uku aka ɗauke wuta. Ya bar ƙafarsa kan feda, ya juya yana gaisawa da jama'a. Sai aka kawo wuta.

Abin da ya biyo baya ƙiftawar ido ne, amma ya kasu mataki huɗu. Na farko, hannun rigar ya bi bargon. Na biyu, wuƙa ta datse su tare, ta zubar da ɗan zirin shadda a ƙasa. Na uku, zare huɗu suka ɗaure riga da bargo da ɗinkin da telolin wurin suka yarda ba a yi mai kyawunsa ba a ranar. Na huɗu, mai rigar ya miƙe zumbur, bargo ya miƙe tare da shi, keken ya riƙe su duka, ya tsaya a rusune kamar mai gaida sarki. A haka 'yan mata biyu da suka zo karɓar ɗinki suka yi sallama, a haka kuma ya amsa.

Shawarwari sun zo nan take. Mai shagon ya ce, "Malam, kada ka motsa," bayan an gama motsawa. Mai shayin ƙofar shagon ya leƙo, ya ce man keke ne ya yi kaɗan. Mai yankan farce ya miƙo almakashinsa. Wani dattijo kuwa ya sa tabarau, ya shafa ɗinkin tun daga farko har ƙarshe, ya ja shi ya ji ƙarfinsa, sannan ya ce, "Ɗana, wa zai warware wannan? Sanyin bana ai sai riga mai bargo. Ka kawo ɗaya hannun a daidaita."