Ire-iren Mutanen da Ake Samu a Zauren Kacici-kacici

Gasar kacici-kacici, ko a makaranta ake yin ta, ko a gidan rediyo, ko a bencin mai shayi bayan isha'i, tambayoyinta ba su cika wuce tarihi da adabi da kiwon lafiya da nishaɗi ba. Masu halarta kuwa sun kasu aji-aji, kuma kowane aji da alamominsa.

Aji na farko shi ne Mai Saurin Hannu. Da ya ji an ce "A wace shekara Nijeriya..." sai ya yi wuf ya ce 1960, alhali ana neman shekarar da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa ne a Atlanta, wato 1996. Maganinsa a sa shi ya zauna a kan hannuwansa.

Na biyu Mai "Yana Bakina". In aka ce ya lissafo Hausa Bakwai, zai kawo Daura, Kano, Katsina, Zazzau da Gobir, sannan ya ƙura wa silin ido yana kaɗa yatsu. Rano da Biram sai a hanyar gida suke zuwar masa.

Na uku Gwanin Fanni Ɗaya. Finafinan Ali Nuhu duk suna kansa, ya kuma san Mamman Shata ya rasu a 1999. A tambaye shi yawan ƙasusuwan jikin baligi, maimakon ya ce 206, sai ya ce wannan ai hurumin likitoci ne.

Ajin da ya fi cancantar nazari shi ne Malam Dogon Sharhi. Wannan bawan Allah yana da sani na gaske, kuma sanin ne musibar tawagarsa. Idan aka tambaye shi wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, amsar kalma biyu ce: Abubakar Imam. Shi kuwa sai ya yi gyaran murya, ya daidaita hula, ya ce, "To, jama'a, kafin mu zo nan, ya kamata a fahimci asalin maganar." Daga nan ya ɗauko gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya. Ya biyo ta kan Ganɗoki na Bello Kagara, ya ɗan yada zango a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya gangaro zuwa kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da editanta, "wanda za mu zo kansa nan gaba kaɗan." Abokan tawagarsa suna jan gefen rigarsa, shi kuma yana ɗauka ƙarfafa masa gwiwa suke yi. Ƙararrawa na kaɗawa bai ambaci sunan ba.

A zagaye na gaba a tambaye shi wane sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, namiji ko mace. Nan ma ba zai ce mace ya huta ba. Sai ya kai jama'a Indiya wurin Ronald Ross a 1897, ya tsallaka da su Kudancin Amurka wurin ɓawon itacen da ake samun kwinin. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, babu na yarwa, sai dai babu maki ko ɗaya. Tawagarsa ta tashi ta ƙarshe, shi kuwa ya koma gida fuska a sake, ya shaida wa iyali cewa yau ya ilmantar da al'umma.

Akwai ƙananan azuzuwa biyu da ba su buƙatar dogon bayani. Mai "Da Ma Na Sani" ba ya magana sai an faɗi amsa, sannan ya bugi cinya. Mai Wayar Aljihu kuwa fitsari kan matse shi daidai lokacin da tambaya ta yi tsauri, ya dawo da sanin cewa Alexander Fleming ne ya gano fenisilin a 1928. Kusa da su akwai wani aji mai zama can baya da biro da takarda, bai taɓa amsa tambaya ko ɗaya ba, aikinsa rarraba sauran jama'a aji-aji yana rubutawa a mujalla.

Duk waɗannan ana iya zama da su lafiya. Wanda ba a iya zama da shi shi ne Alƙali Mai Takarda. Ya kwafo tambayoyi da amsoshinsu daga inda shi ma bai sani ba, bai duba ko ɗaya ba. Ya tambayi babban birnin Ostiraliya, yarinya 'yar ajin ƙarshe ta miƙe ta ce Canberra, ya ce ta faɗi, Sydney ce. Malaminta ya yi ƙoƙarin magana, ya ce masa, "Malam, haka yake a takarda, kuma hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe." Gobe kuma ya ba Istanbul kujerar Ankara. Wannan ya wuce abin dariya. Yarinyar da ta yi karatu ta koma tana shakkar littafinta, zaure guda na ɗalibai sun tashi da ƙarya a ka, kuma an koya musu cewa mai riƙe da lasifika ya fi gaskiya ƙarfi. Sauran azuzuwan maki kawai suke ɓatarwa, wannan kuwa ilimin yake ɓatawa. Duk makarantar da za ta shirya gasa, ta fara yi wa alƙalinta kacici-kacici kafin ta damƙa masa takarda.