Kowa da Irin Daktansa

A ƙasar Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa da Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma kowane gari yana jin kiran sallar maƙwabcinsa, ba a ɓoye karatu. In mutum ya samu gurbin digirin digirgir a fannin Nazarin Addinin Musulunci, kafin ya sauka daga motar Ƙofar Ruwa labari ya riga shi isa majalisa.

A takarda abin ba shi da wuya. Jami'ar Bayero, wadda ta faro a 1960 a matsayin kwaleji ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da sashe guda na Nazarin Musulunci da Shari'a, kuma can yawancin mutanenmu suke nufa. Ana so ka zo da kiredit 5 na sakandare har da Turanci, da digiri na farko, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da digiri na biyu wanda makinsa bai gaza 3.50 cikin 5 ba. Daga nan a haɗa ka da sufabaiza, ka kare tsarin bincikenka, ka gabatar da semina, ka rubuta kundi, a jarraba ka a cikin gida, sannan a kira farfesa daga wata jami'a ya titsiye ka baki da baki. Shekara 3 ke nan ga wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo. Sauran kuwa ga yadda suke.

Akwai Malam Saura Ƙiris. Ya shiga karatun tun 'yarsa ta fari tana aji 2 a firamare, yanzu an kawo kuɗin gaisuwarta, shi kuwa har yau yana babi na 4. Duk wanda ya tambaye shi sai ya yi ajiyar zuciya ya ambaci ASUU. Kuma ba ƙarya ya yi ba: an yi yajin aiki na wata 9 a 2020 ga korona a kai, an sake yin na wata 8 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Sai dai in ka tara wata 17 ne. Ragowar shekarun ba a gano wanda ya tafi yajin ba. Jakarsa kullum tana rataye, ko ta'aziyya za shi, kuma babu mai ikon taɓa ta domin "aikin yana ciki".

Akwai wanda kundinsa ke bin damina. Malamin makarantar sakandare ne, ba shi cikin masu samun tallafin TETFund, domin wannan rabon malaman manyan makarantu ne. Rumbu ne ke ɗaukar nauyinsa. Kuɗin rajista buhunan wake ne da aka kai Dawanau, kuɗin buga kundi kuma tunkiyar uwargida ce da aka ce aro. Da an yi ruwan shuka sai jami'a ta neme shi ta rasa, daga firi zuwa maimai zuwa girbi. Ran da ya sake bayyana, ya yi baƙi ya rame, sufabaiza ya buɗe babi na 2 sai ga rasidin takin zamani an yi alamar shafi da shi. Wannan mutumin yakan gama, amma sai a shekarar da gero ya yi daraja.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alaramma. Ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya zauna a zaure ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala har ya kutsa Askari. In ana gardamar wata mas'ala a garin, shi ake jira ya dawo daga gona. To, Turanci ne ya tare masa hanya. Ya zauna jarrabawar NECO a benci ɗaya da yaron da shi ya rubuta wa allon farko, yaron ya ci, Alaramma ya maimaita. Da ƙyar da jiɓin goshi ya haye, ya yi digiri na farko da na biyu furfura tana ƙaruwa, ya iso matakin ƙarshe. Ran kare tsari aka ce masa, "Malam, mece ce matsalar bincikenka?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, ni ba ni da wata matsala." Aka nuna masa wata magana a shafi na 12 aka ce ina madogara. Ya ce daga bakin malaminsa ya ji, shi kuma daga nasa malamin, ya fara jero sunaye har ya doshi Katsina. Aka ce a'a, sunan littafi ake so da maɗaba'a da shekarar bugu da lambar shafi. Ya dubi masu tambayar da tausayi. Ni dai a ganina kowa yana da gaskiyarsa: jami'a tana son abin da wani zai iya buɗewa ya duba, Alaramma kuma ya san mutanen da ya ambata sun fi maɗaba'o'i da yawa amana. Abin takaicin shi ne takardar tana hannun ɓangare ɗaya.

Sai ɗan waje, wanda ya yi digirin farko a Madina ko Azhar ko Khartum ya dawo ƙarasawa a gida. Jimlarsa ɗaya ce: "A can ba haka ake yi ba." A can, in ji shi, munaƙasha a babban zaure ake yi, jama'a su cika, a tashi tsaye a karanta sakamako a ce mumtaz. Nan kuwa an kulle mutum a ɗaki da mutum biyar da fanka mai ƙara. Waɗanda yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya koro suna tsakiyar karatu ba na sa su cikin wannan raha, sun ga abin da ya ishe su.

Malama kuwa ba a san ma tana yi ba. Tana koyarwa a Islamiyya da safe, ta yi tuwon dare, yara su kwanta, ta jawo fitila mai caji. Ba ta taɓa cewa saura ƙiris ba. Rana ɗaya sai a ji maigidanta yana neman motar haya ta zuwa bikin yaye ɗalibai, yana ta faɗin "mun gama", kamar da shi aka yi.

Masu jarrabawar ma jinsi-jinsi ne, kuma a kowace jami'a akwai su. Akwai Farfesa Dawo Talata. Ka baro garinku da asuba, ka sha cunkoson hanyar Katsina, ka iso ƙofar ofis ka tarar ya tafi taro Abuja. Akwai mai jan biro, wanda bai damu da hujjarka ba, shi dai waƙafi da aya, da yadda ka rubuta sunan Imam Malik da baƙaƙen boko, ɗigon da ke ƙarƙashin wani harafi da sandar da ke kan wani. Zai maido maka da kundi ja wur, ka gyara, ya sake maido da shi ya ce ka mayar yadda yake da. Akwai kuma wanda ba mutum ba, wato Turnitin, manhajar da ke farautar satar fasaha. Ita ba ta san aya ba, ba ta san hadisi ba, sai ta shafa musu launi ta ce an kwafo. Wani ɗalibi da aka nuna wa ya ce, "To, da nawa zan ƙirƙiro?"

Ranar baiba, wato jarrabawar baki da baki, baƙon farfesa ne sarki. Wani daga baya yake fara karatu, ya duba jerin manazarta ko littafinsa yana ciki, in babu to ka shiga uku. Wani zai yi tambaya ta minti 20, ya amsa wa kansa, ya yaba amsar, kai dai naka "haka ne, ranka ya daɗe". Amma akwai na Allah, wanda ya karanta kowane layi, ya yi tambaya ɗaya tak a kan shafin da kake addu'ar kada a buɗe. Daga nan a ce ka fita waje, ka tsaya a baranda kana istigfari, a kira ka a ce ka ci, da sharaɗin gyara. Ba a kiran ka Dakta a hukumance sai Majalisar Dattawan jami'a ta amince, ko da yake a gari an shekara biyar ana kiran ka haka.

Shi kuwa Daktan dare ɗaya bai san duk wannan wahala ba. An yi taro a zauren wani otal, an yafa masa riga mai ja da hula mai tuta, an ɗauki hoto, washegari fosta ta fito. Da ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa a Disamban 2023 yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, an ga wasu hotuna sun sauka daga bangon falo ba sallama.

Duk wanda ya tsallake waɗannan, saura jarrabawar da ba ta cikin kundin dokokin jami'a. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, tsohon limamin gari zai matsa gefen buzu ya ce, "Dakta, bismilla."

"Allah gafarta Malam, nan ma ya isa."

"A'a, matso. Ai yanzu ku ne manya."

Daga jin wannan mai hankali ya san an fara. Kundin Dakta a kan salon tafsirin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ne a Diya'ut Ta'wil, shafi ɗari uku da wani abu, amma Liman ba zai tambayi wannan ba. Zai fara da zakka: nisabin hatsi wusƙi 5 ne, wato sa'i 300, to kwano nawa ke nan a ma'aunin kasuwarmu? Mai noman rani a Watari da ke ban ruwa da inji, ushuri zai fitar ko rabinsa? Dakta ya amsa na biyun da sauri, rabi ne, na farkon kuma ya ɗan yi tari.

Sannan a zo kan gado, domin a ƙasar da gonar kaka ta rabu har ta koma kunya-kunya, wannan shi ne ilimin da ake kwana da shi. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, da 'ya'ya mata uku, da uwa da uba, da gona ɗaya. Dakta ya zaro biro, ya yi lissafi a bayan katin ɗaurin aure. Asalin mas'ala 24, ta yi auli zuwa 27: matan su raba 3, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4. Majalisa ta yi kabbara, wani ya ce lallai kuɗin wake bai tafi a banza ba.

Liman ya gyaɗa kai, ya ja carbi kaɗan. "Madalla. To, kukar da ke tsakiyar gonar fa? Da tsamiyar kan iyaka, wadda maƙwabci ke cewa kakansa ne ya dasa?"

Dakta ya gyara hula ya ce wannan tana buƙatar ƙarin bincike.

"Babu laifi," in ji Liman. "Ka ci. An ba ka wata uku ka yi gyara."