Farin Magi, Ɓarawon da Ba a Kama da Kaya Ba

"Ni gidana ba a cin farin magi." Wannan magana ta zama shaidar wayewa a gidajen biki. Uwargida za ta faɗe ta tana gyara ɗaurin ɗankwali, mata su gyaɗa kai, wata ta ce ai ta ji har tabon shadda ake fitarwa da shi, "to ina ga hanjin mutum?" Uwargida na komawa gida sai ta ɓare dunƙule takwas ta watsa a miyar mutum biyar. Da za ta juya kwalin ta karanta ƙananan rubutun bayansa, da ta tarar da abokin gabar tata zaune daram kusa da gishiri. Riga kawai ya canja, daga fara zuwa ruwan ƙasa.

Shi dai wanda ake tuhumar ɗan Japan ne. A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya binciki abin da ke sa romon ciyawar teku daɗi, ya gano cewa sinadarin gulutamet ne. Shekara na zagayowa aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Yau da rake ko rogo ko masara ake yin sa, a bar ƙwayoyin halitta su tsima su. Wannan gulutamet ɗin yana cikin tumatir, yana cikin nama, yana cikin nonon uwa. Yana kuma cikin daddawa, wadda ake ɗaga wa tuta a matsayin abincin kakanni mai tsafta daga "kemikal". Kaka ba ta taɓa jin sunan Ikeda ba, amma duk ranar da ta rufe dafaffiyar kalwa ta bar ta kwanaki, masana'anta ta buɗe a bayan ɗaki.

Tsegumin ma ba a Kano aka ƙirƙira shi ba. A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, ya rubuta wa mujallar likitoci ta New England wasiƙa cewa yakan ji kasala da bugun zuciya in ya ci abinci a gidajen cin abincin Sinawa. Wasiƙa ce, ba bincike ba, kuma ya ambaci abubuwa da dama da yake zargi, har da gishiri. Jaridu suka zaɓi wanda ya fi daɗin bugawa. A 1969 wani mai bincike, John Olney, ya yi wa jariran ɓeraye allurar sinadarin mai yawan gaske, ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Har yau ba a sami uwargidan da ke yi wa iyalinta allurar miya ba.

Hukumomi sun zauna a kan shari'ar. A 1987 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci bai ga buƙatar ƙayyade masa adadi ba. A 1995 rahoton da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka yi ya ce wasu mutane kan ji ɗan ciwon kai mai wucewa in sun sha giram 3 ko fiye ba tare da abinci ba, alhali plet ɗaya yawanci bai kai rabin giram ba. Turawan Turai sun fi tsantseni: a 2017 suka sa iyakar miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ashe mai zuba shi da ludayi shi ma yana da tambayar amsawa.

Wanda ake da shaida a kansa kuwa, wato gishiri, yana yawo ba beli ba sammaci. Sodiyam ɗin farin magi kashi 12 ne cikin ɗari, na gishiri kusan 40, kuma sodiyam ke hura wutar hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Gishiri ne kan gaba a cikin dunƙule.

Maigida fa? Shi ya kafa dokar hana farin magi a gida, bayan wani saƙon murya na WhatsApp ya rantse masa cewa abin yana rage ƙarfin maza. Bayan isha'i yana gaban mai tsire yana cewa, "Malam, ƙaro yaji." Bai taɓa tambayar abin da aka daka a yajin ba, mai tsire kuma ba ya bayani sai an tambaya.