Ka Ce Mai Bes Zaman Kashe Wando Yake Yi?

Na gan ka, malam. Tun daga take ka fara taɓe baki. Ka ce me zai sa mutum da hankalinsa ya ɓata tawada a kan jitar bes, wannan doguwar aba da ake rataya wa wanda ya fi kowa shiru a cikin makaɗa, a tura shi can baya kusa da mai ganguna? Ka ce zaman kashe wando yake yi. To fara gyara zaginka tukuna, ai a tsaye yake kwana, da abu mai nauyin kilo huɗu a kafaɗa. Idan ma akwai abin da yake kashewa, kafaɗar riga ce.

Ka ce tsirkiya huɗu kacal gare ta, alhali jita ta gaskiya shida ce, saboda haka wanda ya kasa shida ne yake komawa huɗu. Kai! A gabana kake ƙirga tsirkiya? Marigayi Ɗanmaraya Jos da tsirkiya nawa ya zaga duniya? Kuntiginsa tsirkiya ɗaya tal gare shi. A lissafinka ke nan mai bes ya ninka Ɗanmaraya sau huɗu, ka ga ka yabe shi ba ka sani ba. Kuma in yawa kake so, akwai bes mai biyar, akwai mai shida, sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai ka ce, to ai ni ko jin ta ba na yi. A nan na kama ka. Da me kake saurare? Kada ka ɓoye, ga wayar nan a aljihunka. Tsirkiyar da ta fi kauri a jikin bes mai huɗu, idan aka kaɗa ta ba a danne ba, sau 41 take karkarwa a sakan ɗaya. Irin wannan amo sai sifika mai faɗi da za ta iya tunkuɗa iska da yawa. Sifikar wayarka kuwa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Ka leƙa kasuwar Kurmi ta kafar makulli, ka dawo kana rantsuwa ba a sayar da komai. Amma ranar bikin ƙanwarka, da aka kunna manyan sifiku, wa na gani yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, ƙirjinsa na dum-dum? Jiki magayi. Kuma waƙoƙin fiyano da kake kunnawa a mota, kana tsammani babu bes a ciki? Akwai, injin ne ke kwaikwayonta. Kana cin miya kana zagin daddawa.

Bari in ba ka tarihi kaɗan, ko da yake na san za ka ce na cika iyayi. Da can, wannan aiki na wani ƙaton goge ne mai tsayin mutum, wanda ake jinginawa a ƙasa. Ɗaukarsa wahala, jin sa a cikin hayaniyar ƙahonni da ganguna ya fi wahala. A 1951 Leo Fender na Kalifoniya ya fito da bes ta lantarki mai suna Precision, ya gitta ƙarafa a wuyanta don yatsa ya riƙa faɗawa daidai inda amo yake. Daga baya wani hatsabibi, Jaco Pastorius, ya sa hannu ya cire ƙarafan tasa don ta riƙa zamewa kamar muryar mutum. Wani ya sa, wani ya cire, duk aka tafa musu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ka ce in faɗa maka sunan mai bes ɗaya da duniya ta sani. Paul McCartney na Beatles, me kake tsammani yake riƙe da shi? Bes ce, ƙirar Höfner, ya saye ta a Hambug a 1961. An sace ta a 1972, kuma mutane suka yi ta cigiya har aka sanar da samunta a 2024. Ka taɓa jin an yi shekara hamsin ana neman abin banza? Amma na yarda da kai a wuri ɗaya, don ni ba mai musun banza ba ne kamar wani: yawancinsu kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. James Jamerson ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, akasari da yatsa ɗaya, aka yi shekaru ba a ko rubuta sunansa a bayan faifai ba. Shi ne kuma mutumin da ba ya canza tsirkiya sai in ta tsinke, wai dauɗar ce ke ba shi amo. Kada ka yi murna, wannan ba hujjar ƙazanta ba ce, kai ba Jamerson ba ne.

Yanzu ga inda na san za ka yi hamma: gyara. Ka ce ai a sayo, a jona waya, a kaɗa. Haka ake yi wa rediyo. Bes katako ce, kuma tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai nauyin ƙaton mutum, dare da rana. Shi ya sa aka ɓoye sandar ƙarfe a cikin wuyan, ana ɗaure ta ko a sassauta da ɗan makulli, kwata-kwatan juyi, a jira katako ya zauna. Mai gaggawa irinka zai murɗa kamar yana ɗaure tayar mota, ya ji ƙas, shi ke nan an yi asara. Idan tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsunka su ci wuya. Idan ta kwanta da yawa, ta riƙa zizar ƙudan zuma. Sannan a gwada amon a kan ƙarfe na 12, in ya kauce a matsa gadar da tsirkiya ke kai, gaba ko baya. Ka gama duk wannan da damina, hunturu ya zo ya busar da katakon, wuya ya motsa, bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu. A sake lale. Ban ma taɓo amfilifaya ba. Akwatin sifika takwas na Ampeg, wanda makaɗa ke kira firiji, ya fi buhun siminti nauyi, kuma in an tashi lodi mawaƙi yana can yana ɗaukar hoto da 'yan mata.

Ka ce duk da haka abu ɗaya yake ta maimaitawa, dum, dum, dum. E, kuma zuciyarka ma haka take yi, ban ji ka kai ƙararta ba. Aikin mai bes shi ne ya sa kunne ɗaya a kan babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, ɗayan a kan waƙar, ya ɗinke su wuri guda. Idan ya riga mai ganga da ƙiftawar ido, masu rawa su fara taka juna ba su san dalili ba, su ce mawaƙin ne yau ba ya cikin hayyacinsa. Larry Graham ma, da suke wasa da mahaifiyarsa babu mai ganga, sai ya riƙa marin tsirkiya da babban yatsa yana fizgar wata, ya zama shi ne gangar, salon ya bazu a duniya. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley kuwa, gwanintarsa tana wurin da yake yin shiru. Ya bar gurbi, ƙugunka ya faɗa ciki. Sanin inda za a yi shiru, malam, wannan darasi ne da ba mai bes kaɗai yake buƙatarsa ba, amma ban kama suna ba.

Na ga har yanzu kana girgiza kai. To ajiye wayar nan, ka ari sifikar maƙwabcinka mai hana unguwa barci, ka sa kowace waƙar Bob Marley, ka murɗe bes ɗin gaba ɗaya na minti ɗaya, sannan ka mayar. Idan ƙafarka ba ta tona maka asiri ba, ka zo in biya ka kuɗin shayi.